Layi na Uku a Takardar Haya

Rawalpindi
6 ga Fabrairu

'Yata Tanzila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Waqas da jikata mai cizon mutane. Idan kin tambaye mu, muna nan, muna ci muna sha, alhamdu lillahi.

Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Aji biyar na yi, biyu daga ciki a bakin ƙofa na yi su, riƙe da kunnuwana. Ke ce malamar makaranta, ki sa jan biro duk inda kika ga dama. Wasiƙa nake yi domin a waya uwarki tana jin komai, ni kuwa ba na jin komai. Injin saƙa ya cinye mini kunnen hagu, na dama kuma ya ajiye aiki don ya taya ɗan'uwansa zama. Ustad Nazir direban bas ɗin Sargodha zai miƙa miki a tasha.

Mun samu gida.

Kin san yadda muka rabu da na farko, na garinmu Lalamusa. Tun ranar da jami'ai suka zo da mota suna tambaya a kan dillalin da ya fitar da ƙanenki Mudassar ƙasar waje, mai gidan ya daina amsa mini sallama, ƙarshen wata ya ce ƙaninsa zai yi aure yana bukatar ɗakunan. Ba shi da ƙane. Daga nan muka taho Rawalpindi, gida tara na zaga. Ko'ina karatun ɗaya ne: katin shaida, hotuna, mutum biyu da za su tsaya maka, sai lambar tsohon mai gidanka. A gabana za su buga masa, ina tsaye ina kallon fuskar mutum tana rufewa kamar shago ranar Juma'a. Wani har asalin kakana ya tambaya, sai ka ce 'yarsa na zo nema. Wani ya ce, "'Ya'yanku nawa?" Uwarki ta ce, "Biyu. Ɗaya ta yi aure, ɗaya yana hanya." Mutumin ya kalli cikinta, ya kalli furfurata, ya ce Masha Allah. Shi ma bai ba mu ba.

Na goma shi ne Raja Mazhar. Tsoho ne mai jan gemu na lalle, yana zaune a ƙofar shagonsa na gyaran fanka, a ƙasan benen. Na fara zazzage masa takardu a cinya, ina cewa, "Raja Sahib, ga katina, ga hotuna, ga lambar…"

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Gwiwarka za ta iya hawa uku?"

Na ce, "Ta dama za ta iya. Ta hagu sai an lallaɓa ta."

Ya ce, "To ku je ku lallaɓa ta. Ga makulli."

Puttar, 'yata, wallahi iyakar binciken ke nan. Na ce masa, "Ba za ka kira tsohon mai gidana ba?" Ya ce, "Ɗan'uwana ne da zan kira shi?"

Ɗaki biyu ne da kicin, taga tana kallon tankin ruwan maƙwabta. Yarjejeniya ta wata goma sha ɗaya, kamar ta kowa.

Akwai abu ɗaya da zan gaya miki, tun da ke ba ki iya dukana daga Sargodha. Akwai fom ɗin nan na caji ofis da ake cike wa kowane ɗan haya, inda ake jera sunayen waɗanda za su zauna a gida. Raja ya miƙo mini shi da biro, ya koma kan fankarsa. Na rubuta Karam Ilahi. Na rubuta Sughran Bibi. Uwarki tana tsaye a kafaɗata. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga layi. Na ji numfashinta a wuyana. Sai na rubuta na uku: Mudassar Karam, shekara ashirin da huɗu, ɗa.

Raja ya ninke takardar gida huɗu, ko kallonta bai yi ba, ya cusa a aljihun da yake sa tabarsa.

Na tsaya in ji ko gabana zai faɗi. Bai faɗi ba. Kwanakin nan jikina duka kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta yake. Ko an taka ni, sai an gaya mini.

Uwarki tana nan da halinta. Da magariba kwano uku take zubawa, ta rufe na ukun ta ajiye a kan firji. Da safe ni nake karyawa da shi, kada a yi asara. Na yi ƙiba. In kin gan ni sai ki ce ɗan kwangila ne.

Ki gaida Waqas. Ki ciji yarinyar nan a madadina.

Ubanki, shugaban jahilan Lalamusa,
Karam Ilahi


Sargodha
19 ga Fabrairu

Abba ji mai daraja,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Ammi mahaifiyata. Wasiƙarka ta iso, na gode wa Allah da Ya rufa asiri kuka samu wurin zama. Ban sa jan biro ko'ina ba, sai a wuri ɗaya.

Abba ji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba rashin kunya ba ne. Wata takwas ke nan da jirgin ruwan nan ya nutse tsakanin Libiya da Italiya. Shabbir ɗan ƙauyen su Ammi, wanda Allah Ya kuɓutar, ya dafa Alƙur'ani a gaban Waqas ya ce Mudassar yana cikin waɗanda aka rufe a ƙasan jirgin, kuma babu wanda ya fito daga can. Kai da kanka ka je ka ba da jini don a gwada da gawarwakin da aka samu, ba a same shi a ciki ba. Duk ka san wannan. Ina rubutawa ne domin a gidanmu babu wanda ya taɓa faɗinsa da baki.

Har yau ba a yi wa ƙanena saukar Alƙur'ani ba. Ba a dafa masa ko tukunya ɗaya ta sadaka ba. Dangi a Lalamusa suna cewa kun gudu ne don kada a zo muku ta'aziyya, kuma gaskiya suka faɗa.

Waqas ya ce rubuta abin da ba haka ba a takardar hukuma yana iya jawo magana, har a sake tashinku. Ina roƙonka ka koma wurin mai gidan ka ce kuskure aka yi, a gyara. Tun da ka ce mutum ne mai sauƙi, zai fahimta.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai biyayya,
Tanzila


Rawalpindi
Kwana huɗu bayan Babbar Sallah

Puttar Tanzila,

Sallama da gaisuwar Sallah. An sha ruwa, an ci nama, an yi zawo, alhamdu lillahi. Na san na daɗe ban amsa ba. Wasiƙarki tana ƙarƙashin ƙafar tebur, tana hana shi rawa, kin ga ba a banza kika rubuta ba.

Na je wurin Raja don a gyara, kamar yadda kika ce. Sau uku. Karo na farko na dawo da fanka da ba na bukata. Na biyu muka yi hirar wasan kurket. Na uku na buɗe baki, sai ya ce, "Karam, riƙe mini wayar nan," na riƙe, wuta ta ja ni. Na ɗauka ishara ce.

Bari in ba ki labarin gidan. Tun da Raja ba ya tambayar kowa komai, duk wanda garin nan ya tofar a nan yake faɗowa. Hawa na ɗaya akwai mai buga ganga a gidan biki, da wasu gwauraye uku da ba mai ba su haya saboda ba su da mata, ba mai ba su mata saboda ba su da gida. Hawa na biyu Khala Shamim ce, tela, mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta Nimra mai aiki a shagon magani. Ba wanda yake tambayar wani daga ina. Da la'asar mu mazan muna zama a matakala muna shan shayi, kowa ya faɗi abin da ya ga dama, sauran su ce haka ne.

A nan na ɓata. Wata rana mai ganga ya ce, "Chacha, kawuna, ina ɗan naka da ake dafa wa abinci kullum?" Na ce yana Italiya. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma kin san bakin ubanki, kamar famfon masallaci ne, in an buɗe sai an kira mai gyara. Na ce yana tsinkar tumatir. Bayan sati biyu na ga aikin ya yi masa wahala, rana ta yi yawa, sai na mai da shi gidan abinci yana wanke kwanuka. Tun azumi zuwa yanzu na yi masa ƙarin girma sau biyu. Yanzu shi ke riƙe da makullin shagon. Mai shagon wata tsohuwa ce mai gashin baki, tana sonsa kamar ɗanta. Gwaurayen nan har roƙona suke in sa ya nema musu hanya. Na ce musu hanyar ba ta da kyau yanzu. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a matakalar nan.

Abin mamaki, in ina ba da labarin ba na jin komai. Ba daɗi, ba ciwo. Kamar ina karanta wa wani lambar mota.

Ranar Sallah Raja ya yanka sa, ya raba wa 'yan haya, ƙulli ɗaya ga kowane kai. Mu ƙulli uku aka kawo mana. Uwarki ta karɓa ta yi godiya, ta sa na ukun a firji. Yana nan ya daskare kamar dutse. In an ɗauke wuta ita ce take fara tashi ta duba shi.

Sai kuma Khala Shamim. Ta hau kawo wa uwarki ɗinki, ta ga hoton Mudassar, wanda ya sa baƙin tabarau yana jingine da babur ɗin da ba nasa ba. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baji, yayata, wannan an riga an kama masa wata?" Uwarki ta kalle ni. Ni kuwa na ce, "Wa zai kama shi, Khala? Ruwa ma…" Sai na ji abin da bakina yake shirin faɗi, na rufe shi da gurasa.

Tun daga ranar Nimra take sunkuyar da kai in mun haɗu a matakala. Yarinyar kirki ce, ita take auna wa uwarki hawan jini kyauta.

Kada ki damu, zan san yadda zan yi. A gaida kowa.

Ubanki, sarkin ƙarya na hawa uku,
Karam Ilahi


Sargodha
2 ga Yuli

Abba ji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku.

Na karanta wasiƙarka sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Waqas ya yi dariya a wurin tsohuwa mai gashin baki, da ya ga fuskata ya fita.

Da a tsakaninku ne kai da Ammi, da na yi shiru. Yanzu ka jawo 'yar mutane ciki. Marainiya ce, uwarta ba ta da namijin da zai bincika mata, shi ya sa ta yarda da maganarka. Mai gidan bai tambaye ka ba, maƙwabta ba su tambaye ka ba, sai ka ɗauka ba wanda zai cutu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Abba ji, kai ka koya mini.

Ka gaya wa Khala Shamim gaskiya kafin magana ta yi nisa. In ba za ka iya ba, ka ba ni izini in zo in faɗa.

Ka yafe mini kaushin harshe.

'Yarka,
Tanzila


Rawalpindi
9 ga Disamba

Tanzila,

Sallama. Wata biyar ban rubuta ba, na sani. Duk ranar da kika buga waya na ce miki ba na ji, rabi gaskiya ne. Sanyi ya shigo, gas yana ɗaukewa tun asuba, uwarki a kan ɗan risho take dafa kwano ukunta.

Magana ta yi nisa, kamar yadda kika ce. Kullum ke ce mai gaskiya, ban san wa kika gado ba.

Sati uku da suka wuce Khala Shamim ta aiko da alewar karas. Ba a kwanon silba na kullum ba. A farantin tangaran mai bakin zinari, na kayan aurenta, an rufe shi da sabon ƙyalle da Nimra ta yi wa ado da hannunta. Ke kin san abin da wannan yake nufi, ba sai jahili ya fassara wa malama ba. Kin kuma san ba a mai da farantin maƙwabci wayam. In muka mai da shi da zaƙi a ciki, mun ce mun karɓa. In muka mai da shi ba komai, mun ci mutuncin bazawara a gaban bene guda. Don haka farantin yana kan firji, kusa da kwanon Mudassar. Uwarki ta wanke shi, kullum tana goge masa ƙura. Khala ta daina hawowa. In na sauka ina jin keken ɗinkinta ya tsaya har in wuce.

Mai ganga ya gaya mini akwai wani mai gyaran wuta da ya aiko neman Nimra, yaro mai sana'a, mai uwa da uba. Khala ta ce masa ya dakata tukuna. Na ce, "Allah Sarki." Na ƙarasa shayina. Har ƙasan kofin na leƙa ko zan ga kunya a ciki.

Jiya Raja ya kira ni shago. Wata goma sha ɗaya sun kusa cika, ya miƙo mini sabuwar yarjejeniya da sabon fom, ya ce in kawo kafin ƙarshen wata. Na zauna a kan wata matacciyar fanka na ce, "Raja Sahib, don Allah me ya sa ba ka binciken mutane? In da ɓarawo ne ni fa?"

Ya ce, "Da ka fi haka ƙiba."

Na ce, "Da gaske nake."

Ya ajiye sukundireba. Ya ce, "A da ina yi. Akwai wanda ya zo mini da takardar limami, da ta kansila, da ta shugaban makarantarsu. Har kan famfo ya kwance ya tafi da shi. Wannan ɗaya. Na biyu, duk wanda ya zo neman ɗaki da katifarsa a kan keke, in ka tambaye shi, ƙarya ka sa shi. Ni na tsufa, ba zan iya ɗaukar zunubin ƙaryar da na roƙa da bakina ba. Wanda yake da abin faɗi zai faɗa ranar da ya iya."

Na ce, "In bai iya ba fa?"

Ya ce, "Sai ya ci gaba da hawa uku da kayansa a ka. Miƙo mini filaya."

Kin ji, puttar. Mutumin bai roƙe ni ƙarya ba. Kyauta na ba shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da na raka Mudassar tasha, ya sa ƙafa ɗaya a bas ya tsaya. Ya ce, "Abba, ko in fasa?" Fuskarsa kamar ranar da aka fara kai shi makaranta. Ni kuwa na ce, "Fasa mana, ka zo mu haɗa kunnuwa, ni da kai mu samu guda ɗaya mai ji." Ya yi dariya. Duk bas ɗin aka yi dariya. Ya hau. Barkwancin ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya yi aiki kamarsa ba.

A sabon fom ɗin, uku zan sake rubutawa. Kada ki yi fushi. Ba don ni ba, ni ko an ce biyu ko an ce goma duk ɗaya ne. Don uwarki ne. Za ta tsaya a kafaɗata ta ƙirga layi, in ta ga biyu ba za ta kai bazara ba. Abin da nake nema a wurinki shi ne dabara: me ake zubawa a faranti wanda ba e ba ne, ba a'a ba? Kin yi karatu, ki duba mini.

Ubanki,
Karam Ilahi


Sargodha
17 ga Disamba

Abba ji na,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka karanta a matakala.

Zan karya rantsuwa. Na tambayi malami, ya ce in ciyar da miskinai goma, na riga na sayi garin.

Ammi ta sani. Ta sani tun kafin ku bar Lalamusa.

Ranar da aka cika kwana arba'in, kana kasuwa, ta kira ni ta sa na rantse. Ta ce, "Ɗana yana ƙasan ruwa, Tanzila. Ranar da Shabbir ya dawo na kalli idonsa, ban bukaci ya yi magana ba." Na ce to me ya sa take ajiye kwano. Ta ce ta taɓa dainawa. A sati na uku ta zuba biyu kawai. Ta ce ka zauna ka kalli tabarma, ba ka ci ba, ba ka yi magana ba, kwana uku. Ta ce, "Mutumin da ko a jana'izar uwarsa sai da ya sa masu haƙa kabari dariya. Na ji tsoro. A rana ta huɗu na zuba uku, sai ya ce gishiri ya yi yawa, ko so nake in kashe shi in auri mai kunne. Na ce alhamdu lillahi, ya dawo."

Ba ka tuna kwana ukun nan ba, ko? Na san ba ka tuna ba.

Abin da ta gaya wa wancan mai gidan da ya tambayi 'ya'yanku, cewa ɗaya yana hanya, ta ce ta ga leɓenka yana rawa ne ta riga ka. Ranar fom kuwa, ba tsaye take don ta tabbatar ka rubuta uku ba. Ta ce ta tsaya ne ta gani ko ka shirya. Da ta ga biro ya sauka layi na uku, ta ce a ranta, to, sai wata shekara.

Kowace Alhamis in ta ce maka za ta asibiti, masallacin mata take zuwa ta ba da sadaka da sunansa, ita kaɗai. Shekara ɗaya da rabi tana makokin ɗanta a ɓoye, a gidan da ba ta da ikon yin kuka, don kada mijinta ya karye. Maganar Nimra tana cinta fiye da yadda kake zato. Ta ce mini, "In na faɗa wa Shamim, na ƙaryata ubanki a gaban maza. In na yi shiru, na cuci marainiya." Wannan farantin a ƙirjinta yake zaune, ba a kan firji ba.

Game da tasha: Mudassar ya kira ni daga Karachi kafin jirginsu na sama ya tashi. Ya maimaita mini barkwancin kunnen yana dariya, ya ce, "Baji, da Abba ya yi kuka da na kasa tafiya, kuma da na tsane shi duk rayuwata." Shekara biyu yana shirin tafiyar nan, kai ma ka sani. Ban ce wannan zai sauke maka komai ba. Na dai ga hakkinka ne ka ji.

Ka tambaye ni me ake zubawa a faranti. Ban sani ba, Abba ji. Ka tambayi Ammi. Ɗaki biyu ne kawai gidan.

Ina sumbatar hannunka.

'Yarka,
Tanzila


Rawalpindi
1 ga Janairu

Puttar,

Sallama.

Na cike fom ɗin shekaranjiya, a kan tebur, da rana tsaka. Na rubuta nawa, na rubuta nata, na mai da murfin biro. Ta sa yatsa ta ƙirga. Ɗaya, biyu. Ta bar yatsan a kan layin da ba komai, ta daɗe. Sannan ta ce, "Shayinka ya huce." Na ce, "Na sani." Ban yi barkwanci ba. Na nema, babu.

Raja ya ninke takardar gida huɗu, bai duba ba, ya sa a aljihun taba. Bayan la'asar sai ga shi ya hawo da kansa yana haki, ya miƙo mini wani makulli. Ya ce, "Na saman bene ne. Akwai fili, in da taro. Tabarmi suna bayan tanki." Na ce, "Raja Sahib, ba za ka tambayi taron mene ne ba?" Ya ce, "Gwiwar baƙinka za ta iya hawa huɗu?"

Juma'a mai zuwa za a yi sauka. Ku zo, ke da Waqas da yarinyar. Ki sanar da Lalamusa, duk mai son zuwa ya zo. Za a dafa tukunya biyu ta shinkafa, da naman Sallar nan da ke firji a ciki.

Uwarki ta sauka wurin Khala Shamim jiya, ni kuma na faɗa wa mazan matakala da bakina. Mai ganga ya zuba mini shayi. Khala ta yi kuka, ta zage ni, ta sake yin kuka. Tana da gaskiya duka ukun. An aika wa mai gyaran wuta, ban san ko yana nan yana jira ba. Farantin zai koma ranar Juma'a da shinkafar sadaka a ciki. Uwarki ta ce ni zan kai.

Har yanzu uwar Mudassar nake kiranta. Wannan ba ya cikin fom.

Yau da safe na miƙa hannu kan firji, babu kwano. Na ji yunwa, Tanzila, irin wadda ban ji ba tun bara. Ta soya mini ƙwai, yana gabana tun ɗazu. Ki taho da wuri.

Ubanki,
Karam Ilahi